Shekarar Da Na Ƙona Rumbun Baba

Na san sunan da ake kirana da shi a ƙauyenmu in na ba da baya, kuma na san kun sani. Ranar da ke Maryam kika dawo daga biki idonki a kumbure, kika ce mini ƙwaro ne ya faɗa miki, amma ai ni na haife ki. 'Yar Ƙona-rumbu suka ce miki. To, ban zo in musa ba. Na ƙona shi da hannun nan da nake riƙe da biro, da rana tsaka, cikin hankalina. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ke cikin rumbun da abin da na gani a ƙarƙashinsa, kuma shi zan rubuta muku yanzu, tun ido yana ganin layi.

Kun taso kun ga ina aiki a Zariya, a ɗakin gwaje-gwaje na masu binciken amfanin gona. Ni ba dakta ba ce, kada ku ƙara mini girman da ban da shi. Aikina wanke kwalabe da dafa abincin da ake shuka hunhuna a kai, hunhuna dai wadda kuka sani, mai fitowa a kan tuwon da ya kwana uku. Daktan da nake yi wa aiki ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta, har muna cewa a bayan idonsa ita ce uwargidansa. Wata rana ina tsaka da wanki ya kira ni.

"Rabi, bar kwalaben nan, zo ki sa ido."

Na sa ido a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa. Na ga zare guda, ya fi gashi sirantaka, garai kamar ruwa, a cikinsa kuma wasu ɗige-ɗige suna motsi. Da yawo suke yi barkatai da ban damu ba. Tafiya suke a jere, suna nufar bakin zaren, kaɗan daga ciki suna komowa baya, kowa a kan hanyarsa ba mai karo da wani. Na ja da baya na ce a'uzubillahi. Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni. Ya ce hunhuna zare ce, kuma ba ta tsawo sai ta baki. Duk abin da bakin yake buƙata don ya gina sabon bango, a baya ake haɗa shi a ƙulle cikin 'yan ƙananan jakunkuna. A cikin zaren akwai hanyoyi a miƙe, a kansu kuma akwai wasu furotin masu ƙafa biyu da ke ɗaukar jakar su yi ta takawa da ita. Masu kai kaya gaba ya ce sunansu kainisin, masu komowa da shi dainin, akwai kuma mayosin da ke taya su isar da shi can baki. Sunayen sun yi mini nauyi a harshe, sai na raɗa musu 'yan dako. Ya nuna mini wata hunhuna da aka gurgunta mata 'yan dakonta, tana jan jiki a karkace, bakin zarenta ya kumbura ya kasa gaba. Mai lafiya kuwa cikin 'yan kwanaki ta rufe faranti. A ɗakin nan na koyi abu biyu da suka zame mini kaya. Koren da kake gani a sama fure ne kawai, zaren ya daɗe da shigewa ciki. Sannan akwai wata iri, kore mai ruwan ɗorawa, mai son ɗanyar gyaɗa, da ke barin guba mai cin hanta duk inda ta ratsa, kuma shanya ba ta kashe gubar, dahuwa ma haka.

Kakanku ya rasu da kaka, a shekarar da Shari'a ta zo jiharmu. Gyaɗarsa tana shanye a gona, an cire ba a kwashe ba, sai ga wani ruwan ƙarshe ya sauko ranar sadakar uku. Maƙwabta suka yi gayya, Allah ya saka musu, suka tsige ta da gaggawa suka zuba a babban rumbun ƙasa na tsakar gida. Yaya Mamman, babban wanmu, ya ƙetare iyakar ƙasa ta Kongolam da kayan fatauci tun kafin rasuwar, ya yi arewa, ba a san inda za a aika masa ba. A wannan lokaci kowa ya shiga taitayinsa. Ba a wa'azin komai sai dukiyar magada da wutar da ke jiran mai cinta, ana kuma ta raɗe-raɗin yanke hannu. Liman ya ce kada a taɓa ko ƙwara ɗaya sai magada sun cika. Aka ɗora murfi aka liƙe da laka, Liman ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar lakar don ya zama shaida. Ina tsaye a wurin ina sharar hawaye, ni da na san abin da laima ke yi wa gyaɗa, ban cusa hannu na ji ko ta bushe ba. Laifina na farko ke nan, kuma ba wanda ya taɓa tuhumata da shi.

Na koma bakin aiki, ban dawo ba sai da Inna ta fita takaba. Mutum huɗu ne a gidan: Inna, da ƙanena Sale, wato Kawunku, da matarsa Hanne, da 'yarsu Zulai mai shekara huɗu. Gidan ya rame, don mafi yawan hatsin Baba ma yana ƙarƙashin hukuncin Liman, sai ɗan abin da Sale ya noma a gayaunarsa ake lallaɓawa. Washegari da safe sanyi yana cizo, na fito na ga awaki duk sun lafe a jikin rumbun, ko kuka ba sa yi. Inna ta kama hannuna ta ja ni wurin.

"Taɓa ki ji, Rabi."

Na taɓa. Kowane bango a gidan ya yi sanyi ƙarara, amma rumbun da ɗuminsa, irin ɗumin jikin mai zazzaɓi.

"Malam bai tafi ba," in ji Inna, Baba take nufi, tana shafa rumbun. "Yana gadin abinsa har Mamman ya dawo."

Na ɗaga kai na dubi murfin, sai na ga shatin tafin hannun Liman ya yi baƙi ya jiƙe, wani farin gashi laushi ya tsiro a cikinsa, ya bi sawun yatsun nan biyar. Na tambayi Hanne ina agwaginta, don na bar ta da 'yan tsaki masu yawa. Ta sunkuyar da kai ta ce suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sale ya ce maciji ne, kullum a ƙarƙashin rumbun ake tsintar su, tsakanin duwatsun da ke ɗauke da shi, wuya a sandare ya juya baya. Na ce a nuna mini sawun sara, ba wanda ya taɓa ganinsa. Da rana ta take, gida ya yi tsit kowa ya shige inuwa, na je ni kaɗai na kara kunnena a bangon. Ban ji komai ba, kuma shirun ne ya fi ba ni tsoro, don na san a lokacin nan dubban dubbai suna tafiya a ciki da kaya a ka, a cikin duhu, wata huɗu ba su huta ba. Na janye kunnena na ga ya jiƙe.

Kwana biyu ina yi wa Sale naci kafin ya yarda a kira Liman a buɗe a duba. Ranar Alhamis da hantsi aka fasa lakar. Da aka ɗaga murfin wani hayaƙi kore ya taso a hankali ya tsaya a kanmu, da wari mai kama maƙogwaro. Inna ta rufe fuska ta ce ga numfashinsa nan. Na ɗaure hancina da ɗankwali na hau tsani na leƙa. Gyaɗar ta daina zama ƙwara-ƙwara, ta haɗe ta zama jiki guda, kore da ruwan ɗorawa a sama, farin zare ya ɗinke ta da bango. Na ɓanɓaro dunƙule na sauko da shi.

"Ai ba komai," in ji Sale. "Sama-sama ne. A baza a rana, a murje, a sheƙe, a wanke. In aka soya aka matse mai, aka yi ƙuli-ƙuli, wa zai sani? Haka Inna ke yi tun muna yara."

"Na yini biyu take yi wa haka, ba na wata huɗu ba," na ce masa. "Wannan guba ce, Sale. A binne ta ko a ƙona."

"A ƙona? Gyaɗar ƙarshe da ubanki ya shuka da hannunsa?" in ji Inna.

Na zaɓi ƙwara wadda ɓawonta ya fi kowanne kyau, na ɓare, na raba tsakiyar biyu na nuna musu. Cikin ya yi ruwan ƙasa, da siririn zare a kwance a tsagin. A nan na yi laifi na biyu, na buɗe baki na yi musu karatun Dakta. Na ce akwai 'yan dako a cikin zaren nan masu ƙafa biyu, suna kai kaya baki dare da rana, shi ya sa yake huda ɓawo ya shige har zuciyar ƙwara, ɗumin nan ma na aikinsu ne. Hanne tana bakin madafa, na ga ta saki ludayi. Liman ya ja carbinsa ya matsa baya. Sale kuwa ya dube ni da murmushin da na fi tsana.

"Yaya Rabi, ke kin gan su da idonki? Masu ƙafafun?"

Ni ba na iya ƙarya a kan aiki. Na ce kayan da suke ɗauke da shi na gani yana tafiya, su kansu sun yi ƙanƙantar da madubinmu ba ya nuna su.

"To, ashe ke ma gaibu kike bi," ya ce. "Inna ta ce Baba ne a ciki, ke kin ce 'yan dako ne. Gara na Inna, shi dai mun san shi."

Liman ya yanke hukunci irin na mai son zaman lafiya. Ya ce abin da zai lalace halal ne a gyara shi don amfanin magada, saboda haka ranar Asabar a baza a rana, a sarrafa, a ajiye wa Mamman rabonsa. Na ƙirga a raina bakin da zai ci: gidanmu, gidan Yaya Mamman da 'ya'yansa, da duk wanda zai sayi ƙulin a kasuwar Dutsi ya daka yaji ko ya ba ɗansa ya gwigwiya. Na roƙi Sale har na durƙusa masa, ni da na goya shi. Ya ce bokona ya yi mini yawa.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a Dutsi, Inna ta shiga maƙwabta barka. Na kori awaki, na kwaso karan dawa na cusa ta bakin rumbun, na juye kananzir ɗin fitilun gidan duka, na ce bismillahi na ƙyasta ashana. Na zaci wutar za ta shaƙe, tunda rumbun ƙasa ba shi da kafar iska sai ta sama. Sai na ji wani fito siriri yana tashi daga ƙasa, wutar kuma ta kama da ƙarfin da ya ba ni mamaki. Na durƙusa na leƙa tsakanin duwatsun. A gindin rumbun akwai rami da ya isa hannu ya shiga, an huda shi da kyau, ba aikin ɓera ba ne. Tsumman da aka toshe shi da shi ya kama wuta ya faɗo, kuma na san atamfar, don ni na kawo wa Hanne ita da sallah. Na ɗago na gan ta tsaye a bayana, Zulai tana riƙe da zanenta.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Wata uku," ta ce, da kyar nake jin ta. "Ba ta cin tuwo, Yaya, sai ramewa take. Kunun gyaɗa kawai take karɓa. Wallahi ni ban taɓa kai ko cokali bakina ba, na san haramun ne a gare ni. Ita kuwa na ce ai na kakanta ne."

Na sunkuya na ja fatar idon yarinyar ƙasa. Farin ya riga ya fara juyawa ruwan ɗorawa. Kwana shida ina gidan nan ina sauraren bango, ban dubi idon yarinyar da ke wasa a gabana ba.

Maza suka dawo suka tarar da hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Kafin la'asar gindin rumbun ya rufta, ramin ya tafi da shi. Inna ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zauna a ƙasa tana kallon wutar, wadda ta ci har kwana biyu saboda man gyaɗar. Na ce wa Sale a kai Zulai asibiti yau ɗin nan, shawara ce ta kama ta, ya ce in fita masa daga gida. A rana ta uku ta fara amai, cikinta ya kumbura, sannan ya ɗauke ta a babur zuwa Daura, na bi su a motar kasuwa. Ba ta yi mako ba ta rasu. Ba a yi wani gwajin da zan ɗaga in nuna muku ba, Allah shi ne masani, amma ni na san abin da ta sha wata uku. A ƙauye kuwa lissafin bai yi wa kowa wuya ba. Ranar Juma'a an ƙona rumbun mamaci, ranar Litinin jikarsa ta kwanta, don haka alhaki ne ya sauka, kuma ni na jawo shi.

Da aka share makoki Sale ya kai ni gaban alƙali, Yaya Mamman ya dawo ya tsaya a bayansa. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na yi bayanin gubar har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya gyara tabarau ya ce:

"Malama Rabi, na ji. Amma kin ƙona shaidarki da hannunki. Akwai wani mahaluki da ya ci gyaɗar nan ta cuce shi, da za ki nuna wa kotu?"

Amsar tana kan harshena. Kalma kaɗan ce, da na wanke kaina har abada. Hanne tana zaune a bayan ɗakin cikin mata, ta ja hijabi har goshi, ta rame kamar a hure ta ta faɗi. Na san yadda garinmu yake. Ko alƙali bai taɓa hannunta ba, daga ranar ita ce ɓarauniyar dukiyar magada, ita ce matar da ta dama wa 'yarta ajali ta ba ta a baki, kuma Sale ba zai bari ta sake kwana a ɗakinsa ba. Ni ina da aiki, ina da ubanku, ina da Zariya da zan koma. Ita ba ta da kowa sai mutumin nan da ke tsaye a gefena yana watsa mini harara ba tare da ya san komai ba.

"Babu, Allah ya gafarta Malam," na ce.

Aka ɗora mini biyan abin da na ɓata, na sallama musu rabona na gona aka rufe magana. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne Inna. Ta rayu shekara bakwai bayan haka, tana amsa gaisuwata, tana sa muku albarka, amma ba ta sake cin abin da na dafa ba. In na kai mata kwano sai ta ce ta ƙoshi, ta tura wa jikoki. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata, sai in tuna Inna ba ta taɓa ɓoye wa Sale komai ba. Haka ta koma ga Allah tana ganin ni na kori Malam daga gidansa.

Ni da Hanne ba mu sake yin maganar ba, ko da ido. Amma da kaka ta zagayo, wani direban Mashi ya tsaya a ƙofar gidanmu ya miƙo ƙullin leda, ya ce wata mata ce ta ba shi, ba ta faɗi suna ba. Ɓararriyar gyaɗa ce mudu guda, busasshiya ƙayau, kowace ƙwara an raba ta biyu da hannu yadda za a ga cikinta. Kun sha cin ta kuna yara, kuna tambaya me ya sa gyaɗar ƙauye take zuwa a fashe, ina ce muku haka irinta yake. Kowace kaka sai ta zo, shekara ashirin da wani abu, ko a shekarar da ruwa ya yi gardama. Bana na jira har sanyi ya shigo ba ta zo ba. A bakin wata mai tallar nono 'yar wajenmu na ji an yi jana'izar Hanne da kwana tara, Kawunku bai aiko mini ba.

Shi ya sa na ɗauki biro, don ku ɗaga kanku in an kira ku da sunan nan. Kawunku Sale yana nan da ransa, yana yi wa matarsa addu'a bayan kowace salla, yana faɗa wa duk wanda ya zo ta'aziyya cewa tunda ya aure ta ba ta taɓa ɓoye masa ko allura ba. Idonsa ya yi rauni yanzu, ba ya iya karatu sai an karanta masa. Kada ɗayanku ya karanta masa wannan.